Wa Ke Wanke Saman Motar?

Rubutuna na wannan makon a kan wankin mota ne, kuma ko a motar ma samanta kaɗai zan taɓa.

Mutum zai iya shekara goma yana hawa jif bai taɓa ganin rufinta ba. Bonet yana gabansa kullum. Ƙofar da yake buɗewa ya san ta kamar tafin hannunsa. In ɗan Adaidaita Sahu ya goge shi a gefe, kafin ya isa gida ya auna tsawon ƙarzanen da yatsa ya fi sau uku. Amma rufi yana can sama da kansa, ba ya ganinsa in zai shiga, ba ya ganinsa in ya fito. Mutum biyu ne suka san halin da rufin babbar mota yake ciki: mai wanke ta, da wanda ya leƙo daga bene.

Na yi shekara uku ina wankin mota a Badawa, daga 2016 zuwa 2019, bayan na gama sakandare ina tara kuɗin ci gaba da karatu. Ga wanda bai san Kano ba, Badawa tana cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, jingine da GRA, maƙwabciyar Giginyu. Manyan gidaje suna can wajen Sultan Road da Lamido Crescent da Ahmadu Bello Way, amma da yawa daga cikin direbobinsu da masu gadinsu da masu dafa musu abinci a unguwanni irin tamu suke kwana. Shi ya sa motocin da suke zuwa wurinmu suka fi ƙarfin unguwar. Direba zai sauke Alhaji a ofis ko ya kai yara makaranta, sai ya biyo ta wurinmu da Prado ko Land Cruiser, ya ja benci ya sayi shayi, ya ce a yi sauri kafin a kira shi. Bayan su akwai bas ɗin Hiace mai dogon rufi, wadda kowa ke kira Homa, da Sienna, da Hilux. Ba kasafai muke ganin masu motocin ba. Direbobi muka sani.

Abin da na fara fahimta a sana'ar shi ne, babu wurin da ya kai rufi shan wuya a jikin mota. Gefen mota yana samun inuwa rabin yini, in rana ta bugi dama hagu ya huta. Rufi kuwa tun hantsi har la'asar yana fuskantarta kai tsaye. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, rufin baƙar jif yakan yi zafin da ba ka iya ɗora tafin hannu ka ƙirga biyar. Fentin mota hawa-hawa ne, na ƙarshensa wani siririn shafi ne garai-garai wanda shi ke ba da sheƙi kuma shi ke kare launin. In rana ta cinye shi sai ka ga rufi ya yi fari-fari kamar mai ƙyasfi, daga nan ya fara saɓa. Duk wanda ya tsaya a wuri mai tudu ya kalli tsofaffin Golf da Sharon a tashar Yankaba zai ga abin da nake nufi: ƙofofi da sauran kyansu, sama ya mutu.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗebo ta daga hamada, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zo ta shimfiɗa mana. A ido gari ce mai laushi, amma a kan fenti yashi ce. In ka sa tsumma ka share ta a bushe, ka yi wa motar zane ne da hannunka. Ga kuma bishiyoyin GRA, darbejiya da maɗaci, waɗanda kowane direba yake rububin inuwarsu. 'Ya'yan darbejiya su faɗo su fashe, tsuntsaye su yi kashi da rana, jemagu su yi nasu da dare. Kashin tsuntsu in ya kwana biyu rana tana gasa shi, sai ya ci fenti ya bar tabon da babu sabulun da zai fitar. A bonet direba zai gani ya goge nan take. A rufi sai ya yi mako.

Ga ƙa'idar wanki kuma, daga sama ake farawa. Ruwa ƙasa yake gangarowa, in ka bar rufi sai ƙarshe, dattinsa zai zubo a kan gilashi da ƙofofin da ka gama. Don haka aikin farko a kowace mota shi ne wanda ya fi wuyar kaiwa.

Bari mu yi lissafi. Tsawona santimita 163. Corolla ba ta kai santimita 150 ba, ina tsaye a ƙasa nake gama da rufinta. Prado da Land Cruiser suna wajen 190. Homa ta haura 220. In na miƙa hannu na yi ɗage, yatsuna za su taɓa bakin rufin Land Cruiser, amma taɓawa daban, wankewa daban. Faɗin motar ya kusa mita biyu, wato tsakiyar rufin tana nesa da gefe da kusan mita guda, hannun mutum kuwa bai fi santimita 70 ba. Kafin ka wanke tsakiya sai ƙirjinka ya haura bakin rufin, ka sunkuya a kansa. Ma'ana, mutum irina yana buƙatar ƙarin tsawon da ya haura rabin mita a jif, kusan mita guda a Homa. Tambayar ita ce daga ina wannan ƙarin zai fito.

A wurinmu, kamar yawancin wuraren wanki na lokacin, daga dabara yake fitowa. Dabara ta farko taya. Ka taka tayar baya, ka riƙe ƙarfen kan rufi da hannu ɗaya, ka yi wanki da ɗayan. Tayar a jiƙe take da kumfa, ƙafarka ɗaya ce a kanta, kuma abin da za ka iya kaiwa bai wuce bayan motar ba. Ta biyu, ka buɗe ƙofa ka tsaya a bakinta. Wannan ta fi kama ƙafa, sai dai ruwan datti yana ɗiga a kan kujera, direba yana gani zai taso da faɗa. Ta uku, ka kifa bokiti, ko ka kwantar da jarka, ko ka ɗora kiret ɗin lemo a kan wani. Ta huɗu, ka cire silifas ka haye kan rufin gaba ɗaya. Ƙarfen rufin mota bai cika milimita ɗaya ba, in gwiwa ta danna wurin da babu ƙarfen tallafi a ƙasa sai ya lotsa, wani lokacin ya dawo da ƙara, wani lokacin ya zauna a haka sai an je wurin mai gyaran bodi. Akwai tsohon tsani na katako da muke arowa a wurin wani mai gyaran wuta, amma sai an jingina shi da motar, kuma duk inda ya taɓa sai ya bar shaida.

Duk wannan fa a kan daɓen siminti ake yi, wanda tun safe yake shan ruwan omo, ga gansakuka ta fito a gefen kwata.

Wanki ma da sauƙi, domin in ka ɗaura soso a doguwar sanda za ka iya cin rabin aikin daga ƙasa. Inda gizo ke saƙar shi ne shafa folish. Folish mai kyau kaki ne, kuma mafi shahara a cikinsa ana samo shi daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil, ana kiranta carnauba. Ya fi kakin zuma tauri, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, shi ya sa yake jure rana. Aikinsa ya zauna a saman fenti ya karɓi dukan da fentin zai sha, ruwa kuma in ya zuba sai ya dunƙule ya gangare. Amma yana da sharuɗɗa. Sai mota ta bushe ta huce, a inuwa. Shafawa ake yi siriri, yanki-yanki, a jira ya yi hazo, sannan a goge da tawul mai laushi har sheƙi ya fito. Wannan aiki ne na tafin hannu da ido. Sanda ba ta san inda ya yi kauri ba, ba ta san inda aka tsallake ba. Dole mutum ya hau, ya tsaya a sama na tsawon lokaci, hannu ɗaya da soso ɗaya da tawul, babu na riƙewa. Kuma omon da ake wanki da shi a yawancin wurare yana wanke kakin tare da datti, don haka ba a daɗewa sai an sake.

To ka haɗa abubuwan nan uku: wurin ya fi ko'ina wuyar kaiwa, ya fi ko'ina haɗari, kuma mai shi ba zai duba ba. Kowa ya san inda zuciya za ta karkata. Akwai wuraren da ake watsa wa rufi ruwa kawai, a goge iya inda hannu ya kai daga ƙasa, a bar tsibiri a tsakiya. A karɓi kuɗin folish na mota guda, a shafa wa kashi uku cikin huɗu. Wanda ya koya mini aiki ba ya yarda da wannan. Maganarsa kullum ita ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In na sauko sai ya hau da kansa ya ja yatsa a tsakiyar rufin ya duba.

Na daɗe ina ganin maganar rufi maganar amana ce kawai, tsakanin mai wanki da Ubangijinsa. Daga baya na ga tana da wata fuska. Mai amanar shi ne yake hawa. Wanda ya tsallake tsakiya ƙafarsa tana ƙasa lafiya lau. Wanda ya ce sai ya kai ko'ina shi ne yake tsaye da ƙafa ɗaya a kan jarka. In wuri bai tanadi abin hawa ba, to ya mayar da gaskiya abin da ake biya da ƙashi.

A watan Fabrairun 2019, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, aka kawo mana Homa shida bayan la'asar, aka ce gobe da sassafe za a fita da su. Sun sha hanyar ƙauye, ƙura ta yi musu riga, an ɗaure lasifika a saman biyu daga ciki, ga gam ɗin fosta ko'ina. Rufin Homa yana da kwari-kwari a tsaye, laka takan kwanta a ciki, sai an bi kowanne da soso. Magariba ta yi muna ta huɗu. Abokin aikina, wani saurayi daga wajen Gezawa wanda ya fi mu duka tsabtar aiki, yana tsaye a kan jarka, jarkar tana kan kiret. Ya miƙa zai kai ƙarƙashin lasifika sai kiret ɗin ya zame. Bai fi mita ɗaya ya faɗo ba. Ya tokare da hannun dama a bakin kwata, muka ji ƙarar kamar an karya rake.

A daren aka kai shi wurin mai ɗori, domin ko da aka ambaci Asibitin Ƙashi na Dala, kowa ya san babu kuɗin a aljihun ɗayanmu. Wata huɗu bai taɓa soso ba. Mu kuwa ba albashi muke karɓa ba, kaso ne a kan kowace mota, ranar da ba ka wanke ba babu naka. Shi ke aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane duk Juma'a, kuma an riga an kai masa kuɗin gaisuwa gidan wata yarinya. Hannun ya ɗoru, amma ya ɗoru a karkace. Da ya dawo sai ya zamana ba ya iya matse tsumma. Mai wankin da ba ya matse tsumma kuwa ya gama. Gadi ya koma yi a wani gida. Motocin shida sun fita da sassafe kamar yadda aka nema, suna walƙiya, kuma ban jin akwai wanda ya hau su da ya san an yi wani abu.

Duk wanda ya zo jaje kalma ɗaya yake faɗa: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma addinin da ya koya mana ita shi ya hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Jarka a kan kiret a kan siminti mai kumfa, ai raƙumi ne a sake. Kuma faɗuwa ba ƙaramin abu ba ne don kawai wurin ba shi da nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ce ta biyu wajen kashe mutane a cikin haɗurran da ba na ganganci ba, bayan haɗarin mota, kimanin mutum 684,000 a shekara. A Najeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta tanadi a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Sai dai mai wankin mota a unguwa ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba sunansa a kowane littafi. Diyyarsa ita ce abin da abokan aiki suka haɗa a leda.

Wanda ya kawo mafita wani dattijon direba ne da ke kawo farar Land Cruiser duk Asabar. Kafin ya koma tuƙin gida ya yi shekaru yana jan tanka daga daffon mai na Hotoro. Da ya ji labari sai ya kira maigidanmu gefe, ina kusa ina wanke tabarmar mota.

Ya ce, "Alhaji, ka taɓa lura da bayan tanka? Akwai tsani a manne, a sama kuma akwai hanyar takawa. Wanda ya ƙera ta ya san ɗan Adam zai hau. Kai ma ka san yaran nan za su hau."

Maigida ya ce, "Baba, shekarata ashirin a sana'ar nan, a kan taya na koya, ga ni tsaye."

Baba ya ce, "Kai ga ka tsaye. Shi yana ina?"

Maigida bai amsa ba. Ba mugun mutum ba ne, a gaskiya shi ya biya mai ɗori. Amma kansa yana kan kuɗin haya da man janareta da kuɗin 'yan ga-ruwa duk ranar da famfon rijiyar burtsatse ya lalace. A wurinsa abin hawa ƙarin kashe kuɗi ne da babu kwastoman da zai biya.

Baba ya tsuguna ya zana abin a ƙasa da tsinke. Ba tsani ba ne, wani dogon benci ne na ƙarfe. Tsawonsa mita ɗaya da rabi, don mutum ya iya takawa gefe ba sai ya sauko ya ja ba. Faɗinsa rabin mita, ƙafa biyu su zauna daram. Tsayinsa santimita 70. Ƙafafunsa huɗu a buɗe suke ta ƙasa don kada ya kife, kowace an sa mata takalmin tsohuwar taya. Saman katako ne da rata a tsakani don ruwa ya zube. Gefen da zai fuskanci mota an naɗe shi da tsohon tub, ko ya taɓa fenti ba zai ƙarje ba. Ya ce a yi na biyu mai tsayin mita guda saboda Homa, a sa masa matakala biyu da ƙarfen jingina ta baya.

Wani mai walda a cikin Badawa ya haɗa su cikin kwana uku. Kuɗin duka biyun bai wuce abin da wurin ke samu a wankin jif goma ba. Mu yara muka ba da kwasar adashinmu ta mako guda, direbobi uku suka ƙara, da maigida ya ga abin ya zama gaske sai ya cika sauran.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne aiki ya ƙara sauri. Rufin da ke cin minti ashirin ana hawa ana sauka, ya koma goma. Folish ya riƙa kwanciya daidai, domin mutum yana kallon abin da yake yi daga sama, hannunsa biyu a sake. Faɗan jiƙa kujera ya ƙare. Wanda a da yake tsallake tsakiya ma ya daina, tunda kaiwa ta zama ba wahala. Wata Hajiya da ɗakinta ke bene ta aiko direbanta da tukuici, ta ce karon farko ke nan da ta leƙo ta ga saman motar launinsa ɗaya da gefenta.

Na san yau abubuwa sun ƙara tsanani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowane mai wurin wanki yana lissafin kowace lita da injin feshi ya sha, ƙarfe ma ya yi tsada. Amma ɗori bai yi araha ba shi ma, kuma wata huɗu babu aiki sun fi na da ɗaci.

Don haka ga roƙona. In kana da babbar mota, ko kana tuƙa ta wani, ranar da ka kai wanki ka ɗan ajiye waya ka kalli abin da yaron yake takawa. In jarka ce, ka yi wa mai wurin magana, domin maganar kwastoma ta fi ta yaro nauyi. Kada ka ce sai an shafa folish da tsakar rana kana sauri. In an ce kuɗin jif ya fi na Corolla, ka tuna da rabin mitar nan kafin ka yi ciniki. In kana so ka san ko an wanke saman, ɗaga wayarka sama ka ɗauki hoto, za ka gani. In ka ga an wanke, ka sani wani ne ya hau, ka yi masa sannu. Ku kuma 'yan uwana masu sana'ar, kada wanda ya hau da jiƙaƙƙen silifas, kada a ɗora abu a kan abu, kuma in babu abin hawa ku haɗa kuɗi ku je wurin mai walda.

Kwanakin baya na bi ta wurin. An canza yara gaba ɗaya, babu wanda ya san ni. Bencinan biyu suna nan, an sake musu katako, an yi musu shuɗin fenti. Na tambayi wani yaro wa ya kawo su, ya ce shi dai a nan ya tarar da su. Da azahar, in aiki ya lafa, a kan ƙaramin suke zama su ci garau-garau.

Allah Ya tsare duk mai neman halak, Ya mayar da shi gida da ƙafafunsa.